Ruwayen narkar da abinci cikin jikin bisashe: bayani da shawarar kalmomi

0. Gabatarwa

Wannan ƙasida ta shafi ruwayen da jikin dabba yake zubawa cikin hanyar abinci, tun daga baki har zuwa hanji, da kuma gaɓoɓin da suke samar da su. Fagenmu nazarin halshe ne, kuma abin da ya kai mu ga wannan batu shi ne bukatar masu rubuta littattafan makaranta da masu fassara wa makiyaya jawabin ma'aikatan kiwo. Tun shekara ta 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ake karantar da yara cikin hausa, kuma a shekara ta 2025 aka ɗauki hausa halshen ƙasa a Nijar. Duk da haka, malamin da ya iso darasin narkewar abinci yakan tarar da kalmomi biyu na faransanci, glande da sécrétion, ba su da takwara tsayayya. Wani ya ce «ruwa», wani ya ce «sinadari», wani ya bar su yadda suke. In kalma ba ta tsaya ba, shawarar da aka ba mai kiwo ita ma ba ta tsayawa, kuma kuskuren yana iya cin rai na dabba.

Za mu fara da abin da halshe ya riga ya tanada, sa'an nan mu bi hanyar abinci gaɓa bayan gaɓa, muna kawo bayani tare da kalmar da muke ganin ta dace.

1. Abin da halshe ya riga ya tanada

Bahaushe makiyayi ne kuma mahauci, saboda haka kayan ciki ba baƙonsa ba ne. Yana da tumbi, hanji, hanta, saifa da ƙundu. Yana da miyau (a wasu wurare yawu), da dalala, da gyatsa, da ƙwannafi, da tuƙa. Jakar nan ta jikin hanta tana da suna biyu, maɗaciya da matsarmama. Na farko a fili yake: an gina shi bisa tushen ɗaci, kamar yadda aka gina sunan itacen maɗaci mai ɗacin ɓawo. Akwai kuma kumallo, ruwan nan mai ɗaci da yake tasowa daga cikin da ba kome, wanda daga gare shi muka samu «karya kumallo».

Abin lura shi ne, waɗannan kalmomi duka suna nuna abin da ido ya gani, ko halshe ya ɗanɗana, ko wuƙa ta taɓa. Inda aka rasa kalma shi ne inda abin ya yi ƙanƙanta ga ido, ko inda ake bukatar suna guda da zai haɗa abubuwa masu aiki iri ɗaya.

2. Kalmomi ukku na tushe

2.1. An sha fassara glande da kaluluwa. Wannan bai yi ba, domin kaluluwa kumburi ce da take fitowa a matsematsi ko hammata in an ji rauni, kuma ba ta zuba kome cikin hanyar abinci. Mun fi son a koma ga aikatau tsattsafa, wanda ake faɗa ga ruwan da yake fitowa sannu sannu daga jikin dutse ko sabon tulu. In muka sa masa ɗafin ma- na sunan wuri, kamar a marina da maƙera da mahauta, za mu samu matsattsafa (jam'i matsattsafai), watau gaɓar da ruwa mai aiki yake tsattsafowa daga gare ta.

2.2. Ruwan da kansa sai mu kira shi tsattsafo. Ya kamata a raba shi da abin da jiki yake zubarwa don ya rabu da shi, irin su fitsari. Tsattsafo jiki ne ya ƙera shi don wani aiki. Fitsari kuwa shara ce.

2.3. Cikin yawancin tsattsafo akwai abin da yake tsinka abinci ƙanana ƙanana ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Bajamushe Wilhelm Kühne ne ya raɗa masa suna enzyme wajen 1877, daga kalmomin girkanci masu ma'anar «cikin yisti». A nan muna ganin aro ya fi ƙirƙira: anzim. Kowane anzim da nasa abincin. Mai tsinka sitaci ba ya taɓa mai, mai tsinka mai ba ya taɓa furotin.

3. Miyau

Matsattsafan miyau manya guda ukku ne a kowane gefe na kai: ɗaya a gindin kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin halshe. Mutum yana fitar da lita 1 zuwa 1,5 a kwana ɗaya. Doki yana kai lita 40. Tunkiya tana fitar da lita 6 zuwa 16. Ga manyan shanun madara kuwa an auna lita 100 zuwa 150, wani lokaci fiye. Yawan yana bin girman dabba da kaurin abincinta: kara da busasshiyar ciyawa sun fi ɗanyar ciyawa jawo miyau, domin sun fi bukatar tauna da tuƙa.

Miyau ɗin mutum yana da anzim mai tsinka sitaci, shi ya sa lomar tuwo take ɗan yin zaƙi in an daɗe ana taunarta. Na saniya da tunkiya da akuya ba shi da wannan anzim. To, mene ne amfanin wannan ruwa mai yawa haka? Amsar tana madafa. Kowace mace ta san kanwa tana kashe tsamin yakuwa. Miyau ɗin dabba mai tuƙa cike yake da bikarbonat, wanda yake ɗaya daga cikin gishirin da ke cikin kanwa, har babbar saniya tana iya haɗiye fiye da kilo ɗaya nasa a kwana guda. Aikinsa kashe tsamin da yake taruwa cikin tumbi. Bisa ma'aunin tsami da ake kira pH, inda 7 yake tsaka tsaki kuma abin da ya gaza 7 yake da tsami, wannan miyau yana wajen 8, tumbi mai lafiya kuma yana tsakanin 6 da 7. Kanwar da makiyayanmu suke ba bisashe, ta Manga ko ta Dallol Boso, tana mayar musu da gishirin sodiyom wanda da shi ake ƙera wannan miyau.

Daga nan ake gane wata cuta da take yawaita lokacin kiwon ragunan Layya. In rago ya samu hatsi da yawa a tashi ɗaya, ko an ɗura masa ko ya faɗa wa buhu, yakan haɗiye ba tauna sosai, kuma hatsi ba ya jawo tuƙa. Miyau ya ragu ke nan, a daidai lokacin da sitaci yake ruɓa da sauri yana haifar da tsami. Ma'auni ya faɗi ƙasa da 5, tumbi ya daina motsi, dabba ta ƙi ci, ta yi zawo, kuma tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa ukku. Rigakafin shi ne a ƙara hatsi ko dussa kaɗan kaɗan cikin sati biyu zuwa ukku, kuma kada a yanke harawa da ciyawa. Mai fassarar da ya ce wa makiyayi «tsami ya yi yawa cikin tumbi, kanwar miyau ta gaza» ya isar da saƙon duka, da kalmomin da mai sauraro ya sani.

Miyau yana da wani aiki na biyu ga masu tuƙa. Hanta tana ƙera ure daga ragowar furotin. Ga mutum, kusan duka yana fita cikin fitsari. Ga saniya, wani kashi yana komawa tumbi ta cikin miyau, a sake gina furotin da shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa bisashe suke jure karan rani mai ƙarancin amfani.

4. Ciki

4.1. Cikin dabba mai tuƙa ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne tumbi babba, wanda ga babbar saniya yana iya ɗaukar lita 100 ko fiye. Na biyu fuskarsa kamar saƙar zuma. Na ukku yana da shafi shafi kamar littafi. Na huɗu sumul yake, da santsi. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, ɗakuna ukku na farko ba su da matsattsafa ko ɗaya. Ruwan da ke cikinsu miyau ne da ruwan sha, kuma masu narkar da ciyawa a can ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ne suke da anzim mai tsinka zaren ciyawa, wanda jikin dabbar ba ya ƙerawa. Ruɓar da suke yi tana haifar da iska mai yawa, lita 30 zuwa 50 a awa ɗaya ga babbar saniya, wadda dole ta fita ta gyatsa. In hanyar ta toshe, shi ne kumburin ciki.

A nan akwai tarko na fassara. An saba kiran waɗannan halittu «ƙwayoyin cuta», domin ta bakin likita muka fara jin labarinsu. In aka ce wa makiyayi tumbin saniyarsa cike yake da ƙwayoyin cuta, abin da hankali zai ba shi shi ne ya nemi maganin kashe su, alhali in sun mutu saniya ba ta iya cin ciyawa. Mun fi son «ƙananan halittu», a bar «ƙwayoyin cuta» ga waɗanda suke sa cuta.

4.2. Ɗaki na huɗu shi ne daidai da cikin mutum ko na kare, shi ya sa muke kiransa ciki na ainihi. Bangonsa cike yake da matsattsafai ƙanana. Suna fitar da asid mai ƙarfi, wanda yake saukar da ma'auni zuwa 2 ko 3, da anzim mai suna pepsin mai tsinka furotin, da kuma yauƙi. Mun zaɓi yauƙi a madadin majina domin majina ta hanci ce, yauƙi kuwa, irin na kuɓewa da lalo, yana nuna sifar abin ba tare da ya ɗaure shi ga gaɓa guda ba. Wannan yauƙi ne yake shafe bango ya hana ciki narkar da kansa. Pepsin ma ana fitar da shi a kwance, sai ya gamu da asid yake tashi aiki.

An daɗe ana gardama ko ciki niƙa yake yi ko narkarwa. A 1752 Bafaranshe Réaumur ya ba wata shirwa ƙananan bututun ƙarfe da nama a ciki. Da ta amayo su, sai ya tarar naman ya fara narkewa ko da yake ƙarfe ya kare shi daga niƙa. A 1824 William Prout na Ingila ya buga shaidar cewa tsamin ciki asid kloridirik ne, kuma a 1836 Theodor Schwann ya gano pepsin. Hausa tana da aikatau biyu da suka raba wannan gardama daidai: haƙori da ƙundu suna niƙa, tsattsafo yana narkarwa.

4.3. Ga ɗan maraƙi da ɗan akuya masu shan nono, tumbi bai fara aiki ba tukuna. In suna tsotso, wata kwata takan naɗe daga ƙarshen maƙogwaro ta wuce da nono kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu. A can wani anzim mai suna kimozin yake daskarar da shi, don ya daɗe cikin ciki ya narke sannu. Sunan wannan ɗaki a faransanci, caillette, daga aikatau cailler yake, watau daskarar da madara. Masu yin cuku a ƙasarmu sun san wannan tun ba yau ba, tun da da cikin ɗan dabba mai shan nono suke kama madararsu. A Benin kuwa, masu yin wagashi da tumfafiya suke kama tasu.

4.4. Raƙumi yana tuƙa, amma cikinsa ɗaki ukku ne, kuma a bangon ɗakinsa na farko akwai ƴan aljihuna masu matsattsafai. An daɗe ana cewa a cikinsu yake ɓoye ruwa. Binciken da Knut Schmidt-Nielsen ya yi a Beni Abbas, cikin Aljeriya, a 1953 da 1954, ya nuna ba haka ba ne: jimirin raƙumi yana zuwa daga tattalin ruwan jikinsa da kuma jure rashinsa. Kaza ita ma cikinta biyu ne. Kafin ƙundu akwai wata ƴar jaka mai taushi da take zuba asid da pepsin, sa'an nan ƙundu ya niƙa da taimakon tsakuwa. Tantabara kuma, namiji da mace, jakar wuyansu tana fitar da wani farin abu mai kauri da suke ciyar da ƴan shila a kwanakinsu na farko.

5. Hanta da maɗaciya

Hanta ita ce matsattsafa mafi girma a jiki. Ita take ƙera ruwan nan mai ɗaci, maɗaciya kuwa ma'aji ce kawai. Da yake a bakin mutane maɗaciya tana nufin jakar da ruwan duka biyu, muna ba da shawara a rubutu a ce maɗaciya ga jaka, a ce ruwan maɗaciya ga abin da ke ciki. Ga masu cin ciyawa launinsa ya fi karkata ga tsanwa, ga masu cin nama ga rawaya.

Wannan ruwa ba shi da anzim. Aikinsa irin na sabulu ne cikin kwano mai maiƙo: yana warwatsa mai ya zama ɗigo ƙanana, don anzim mai tsinka mai ya samu inda zai kama. Jiki ba ya ɓarnar gishirin da ke cikinsa, domin kusan kashi 95 cikin 100 ana tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji a mayar wa hanta. Launinsa kuwa daga ragowar tsofaffin ƙwayoyin jini yake, kuma wannan kashi shara ne da ake zubarwa cikin kashi. Ke nan ruwan maɗaciya yana tsaye a kan iyakar da muka ja a 2.2., rabinsa tsattsafo, rabinsa shara. In hanyarsa ta toshe, launin ya koma cikin jini, ido da kitse su yi rawaya, shi ne shawara. Ga shanu da tumakin da suke kiwo a fadamu, bakin kogin Isa da tafkin Cadi, tsutsar hanta, wadda take bi ta jikin dodon koɗi, tana zama cikin waɗannan hanyoyi ta kaurara su, abin da ake gani a mayanka.

Ba kowace dabba take da maɗaciya ba. Doki, jaki, raƙumi da tantabara ba su da ita, ruwan yana gangarowa daga hanta zuwa hanji kai tsaye. Wannan shi kaɗai ya isa hujja cewa hanta ce mai ƙera shi.

6. Pankireyas da hanji

Pankireyas gaɓa ce mai taushi, fara-fara, kwance a jikin farkon ƙaramin hanji. Wasu masu fassara suna kiranta saifa, kuma wannan kuskure ne: saifa gaɓa ce ta jini, ba ta zuba kome cikin hanji. Kafin a samu suna na gida da kowa ya yarda da shi, aro ya fi ruɗani. Tsattsafon pankireyas yana ɗauke da bikarbonat, wanda yake kashe tsamin da ya fito daga ciki, da anzim na sitaci, da na mai, da na furotin. Claude Bernard ne ya bayyana aikinta bisa mai. Ya lura cewa ga zomo, bututun pankireyas yana shiga hanji nesa da na maɗaciya, kuma mai ba ya fara shiga jiki sai bayan wannan wuri. Ya tattara aikin cikin littafinsa na 1856. Wannan gaɓa tana kuma ƙera insilin, amma shi cikin jini ake zuba shi. Saboda haka matsattsafai iri biyu ne, mai bututu da marar bututu, kuma pankireyas ta haɗa duka biyu.

Bangon hanji shi ma yana tsattsafo da ruwa da yauƙi, kuma a fuskarsa akwai anzim da suke ƙarasa aikin. Ɗan maraƙi yana da wanda yake tsinka sukarin madara, amma ba shi da wanda yake tsinka sukarin rake. In ɗan maraƙi yana zawo aka ba shi ruwan gishiri da sukari irin wanda ake haɗa wa yara a gida, sukarin ba ya narkewa, yana ma iya ƙara zawon. Wanda ya dace da shi shi ne gulukos. Takardar da ta fassara su duka biyu da «sukari» ta ɓatar da wannan bambanci.

7. Abin da yake ba da umurni

Matsattsafa tana jiran saƙo kafin ta ƙara aiki, kuma saƙon yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko jijiya ce. Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya samu kyautar Nobel a 1904, ya nuna cewa ganin abinci ko jin ƙamshinsa ya isa ya sa miyau da tsattsafon cikin kare su zubo. Bahaushe ya riga ya faɗi rabin wannan da ya ce «miyau ya tsinke». Sai dai jijiya a hausa ta haɗa ta jini da ta saƙo da ta agara, don haka a nan sai a ce jijiyar saƙo.

Hanya ta biyu jini ce. A 1902, a Landan, Bayliss da Starling sun yanke jijiyoyin wani yanki na hanjin kare, suka zuba asid a ciki, sai pankireyas ta zubo da ruwanta duk da haka. Suka gane bangon hanji ne yake sakin wani abu cikin jini, suka kira shi sekretin. A 1905 Starling ya ba irin waɗannan abubuwa suna hormone, daga girkanci mai ma'anar «zaburarwa». A 1928 Ivy da Oldberg suka gano wani, wanda yake sa maɗaciya ta matse in mai ya shigo hanji. Muna ba da shawara a ari kalmar a ce ormon, a bayyana wa ɗalibi cewa ɗan aike ne mai tafiya cikin jini.

8. Kammalawa

Ka'idar da muka bi ita ce: in hausa tana da kalma, a riƙe ta a tsaida iyakarta, in tana da tushe, a gina bisa ƙirar halshe, in ba ko ɗaya, a ara a daidaita furuci. Ga abin da muka samu:

glande: matsattsafa, matsattsafai
sécrétion: tsattsafo
enzyme: anzim
hormone: ormon
mucus: yauƙi
salive: miyau, yawu
panse: tumbi
caillette: ciki na ainihi
vésicule biliaire: maɗaciya, matsarmama
bile: ruwan maɗaciya
pancréas: pankireyas
rate: saifa
micro-organismes: ƙananan halittu
nerf: jijiyar saƙo

Aiki biyu suka rage. Na farko shi ne tattara sunayen da mahauta suke ba kowane ɗaki na ciki a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Dogondutsi, domin in an samu suna na gida da ya watsu, shi ya kamata ya gaji kwatancin da muka yi a 4.1. Na biyu shi ne gwada matsattsafa da tsattsafo cikin aji da shirin rediyo na makiyaya, a ga ko kunne ya karɓe su. Muna jiran gyara daga malaman makaranta, likitocin dabbobi da masu fassara.